Mizhir Ya Duba

Duk wanda ya taɓa sa kakin ɗan sanda a garinmu na bakin kogin Furat ya san maganar nan: "Mizhir ya duba." In aka miƙa maka bindiga a ma'ajiyar makamai, ba ka tambayar ƙasar da aka ƙera ta, ba ka tambayar shekarunta. Tambayarka ɗaya ce: wa ya duba? In aka ce Mizhir, sai ka soke ta a ƙugu ka tafi shingen da aka tura ka hankalinka kwance. Shekara arba'in da ɗaya bawan Allahn nan ya yi yana gina wannan suna, wasu marasa tsoron Allah suka rushe shi a yammaci ɗaya. Ni ne direban Kanar a lokacin. Sattar sunana, ana kirana Abu Zaman.

Mizhir ɗan Matrud ne, amma kowa Abu Kifah yake ce masa. Ubansa maƙeri ne a wani ƙauye cikin fadama, yana ƙera mashin kamun kifi, yana gyara wa mutanen ƙabila tsofaffin bindigoginsu na gado. A gindin zugazugin nan Mizhir ya tashi. Ya shiga ɗan sanda tun gemunsa bai fito ba, aka gane hannunsa, aka jefa shi ma'ajiya, bai sake fita ba. Gwamnati ta faɗi, wata ta hau, Amurkawa suka zo suka tafi, aka canza mana launin kaki har sau uku, shi yana nan a ɗakinsa mai warin mai. Gajere ne, kunnensa na hagu ya mutu saboda ƙarar harbi, don haka in zai yi magana sai ya ɗaga murya kamar yana faɗa. Sau da yawa ma faɗan yake yi.

Yadda yake aikinsa kuwa, ba ya canzawa. Zai warware bindiga gaba ɗaya a kan wani tsohon bargo, ya leƙa bakinta ta hasken taga, ya shinshina. Yana da ɗan maganaɗisu da ya ciro daga mataccen rediyo, shi yake mannawa ya ji irin ƙarfen. Sannan ya fita bayan ɗaki ya harba uku cikin tulin yashi. Ko ɗari aka kawo, sai kowace ta sha ukunta. Ka zo kana sauri, ka jira. Ka kawo masa bindiga da tsatsa kuwa, ranar ka shiga uku.

"Wannan bindiga ce ko ludayin uwarka?" haka yake ce wa kurata. "Miyar kuɓewa ka dama da ita? Zauna nan ka goge, ɗan banza, ba inda za ka sai na ga fuskata a ciki."

Suna zaginsa a bayan ido, suna kwaikwayon muryarsa a ɗakin shayi. Amma ranar da za a tura su hanyar hamada, layi suke yi a ƙofarsa.

Abu ɗaya ne rauninsa, kuma mu duka mun san shi. Mizhir mutumin gargajiya ne har ɓargo. Gidansa ƙarami ne, bishiyar dabino bakwai ce duk dukiyarsa, amma ɗakin baƙinsa ya fi ɗakin kwanansa girma. Da hannunsa yake soya gahawa, ya daka, ya dafa. Matarsa, Umm Kifah, takan ce da za a yi gobara, butar gahawa zai fara ɗauka kafin ya tuna da ita. Mutum ne da in ya ce "na ba ka" a gaban maza, to ko duniya za ta tashi ya bayar.

A shekarar da nake ba da labari aka kawo mana Kanar Luwai, wanda ake kira Abu Samir. Dogo, mai ƙamshin turare, mai carbi a hannu kullum, ba don zikiri ba. Bai yi wata shida ba aka ce an sayo wa 'yan sandan lardi ƙananan bindigogi ɗari huɗu, sababbi, ƙirar Turai. Wanda ya samu kwangilar ƙanin matar Kanar ne, mutumin da bara-bara kajin firiza yake sayarwa a kasuwa. Kwamitin karɓa mutum uku ne. Biyu suka sa hannu tun akwatunan na kan mota, ni shaida ne, domin ni na kai musu takardar har ɗakin shayi. Na ukun shi ne mai duba lafiyar makami, wato Mizhir, kuma in babu sa hannunsa ba a raba kaya, ba a sallami ɗan kwangila.

Ina tsaye ina jiran takardar lokacin da Mizhir ya buɗe akwatin farko. Ya ɗauki ɗaya, ya jijjiga ta a tafin hannu, ya ɓata rai. Ya manna ɗan maganaɗisunsa a samanta. Abin ya sulale ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya sake mannawa, ya sake faɗuwa.

"Abu Zaman," ya ce, "ka san mece ce wannan?"

"Bindiga ce, ƙirar Turai. Ga rubutu a jiki."

"Rubutu! Ni ma in rubuta Janar a goshinka, ka zama? Bindigar biki ce, irin wadda yara ke harbawa a bayan motar amarya don ƙara kawai. An huda bakinta, an shafa mata baƙin fenti. Ƙarfen nan da na murfin tukunya duk ɗaya."

Bai yarda ya riƙe ta da hannu ya harba ba. Ya ɗaure ta a jikin ƙarfen matsi, ya ɗaura zare a kunamarta, muka laɓe bayan bango yana ja. A harbi na bakwai samanta ya tsage, wani guntun ƙarfe ya tashi ya kafe a ƙofar katako. Ya gwada ta biyu, ita a na biyar ta fashe. Ya tattara gutsattsarin a leda ya ce in kai wa maigidana, in gaya masa wannan ce amsarsa.

Kanar da kansa ya sauko, abin da bai taɓa yi ba. Kurata na tsakar bariki suna kallo.

"Abu Kifah, me nake ji haka? Takardun kayan nan daga Bagadaza suka zo da hatimi."

"Sayyidi, hatimi ba ya harbi. Ga su nan, zaɓi wadda ka ga dama ka harba goma da hannunka, in sa hannu yanzun nan."

"Ni kake gaya wa haka?"

"To wa zan gaya wa? Ɗan wa za ka ba wannan ya riƙe kusa da fuskarsa? Naka yana karatu a ƙasar waje."

Kanar ya kai hannu ya doke hularsa ta faɗi cikin ƙura. "Maƙeri ɗan maƙeri," ya ce, ya juya ya tafi. Dattijo mai shekara sittin, a gaban yaran da a haife ya haife su! Mizhir ya duƙa ya ɗauki hularsa, ya kaɗe, ya koma ɗakinsa ya kulle akwatunan da kwaɗonsa.

Wata biyu aka yi ana juya shi. Aka yi masa tayin kujerar Makka, ya ce bai shirya zuwa ɗakin Allah da hannuwan 'ya'yan mutane a cikin jakarsa ba. Aka ce za a mayar da shi bakin iyaka, ya ce a ba shi rana ya haɗa kaya. Aka tura limamin bariki ya yi masa wa'azin biyayya ga shugabanni, ya juya masa mataccen kunnensa. Ni kuwa kullum ina jin Kanar a bayan mota yana waya da surukinsa, muryarsa na ƙara tsini. Sai wata rana na ji ya yi dariya, ya ce: "Ashe ƙofa muka ɓata. Wane ne shehin ƙabilarsu?"

Shaikh Ajil ne shugaban dangin su Mizhir, tsoho mai zobba da 'ya'ya maza tara marasa aikin yi. Cikin mako guda aka ɗauki uku daga cikinsu ɗan sanda. Sai ga saƙo daga shehin zuwa ga Mizhir: Kanar ya yi nadamar dukan hula, zai zo har gida ranar Juma'a bayan la'asar ya nemi afuwa, a shirya karɓarsa yadda ya kamata.

Wayyo Mizhir! Ya yanka rago, ya aro darduma, ya gayyato duk mazan danginsu su zo su ga ranar da Kanar guda zai durƙusa a ɗakin ɗan maƙeri. Na kawo Kanar cikin farar riga da alkyabba mai zare, kai ka ce mutumin kirki ne. Aka zauna, ɗaki ya cika har bakin ƙofa. Mizhir ya tashi da butarsa, ya zuba wa shehi ya sha, ya zuba wa Kanar. Kanar ya karɓa, ya ajiye kofin a kan darduma a gabansa, ya naɗe hannu.

Kowa a ɗakin ya san al'adar. Baƙo ya ajiye gahawa bai sha ba, to da buƙata ya zo, kuma kofin zai yi ta zama a ƙasa yana zubar da mutuncin mai gida har sai an biya masa ita.

"Abu Kifah," in ji Shaikh Ajil, "baƙonka bai sha ba. Ya zo da kansa, ya taka dardumarka. Za ka bar gahawarka ta huce a ƙasa?"

Na ga fuskar Mizhir ta cika da murna, wallahi har idonsa ya kawo ruwa. A tunaninsa afuwar hula ce ake nema, shi kuwa ya yafe tun da ya ga motar ta tsaya a ƙofarsa. Ya dafa ƙirji ya ɗaga muryar nan tasa.

"Sha gahawarka, Abu Samir! Abin da ka zo nema ka samu, ko wuyana ne. Maza ku shaida."

"Mun shaida," ɗaki ya amsa.

Kanar ya ɗauki kofin ya shanye, ya girgiza shi alamar ya ƙoshi. Sannan ya zura hannu cikin alkyabba ya zaro takardar kwamiti.

Mizhir ya tsaya da buta a hannu yana kallon takardar. "Ba wannan aka gaya min ba. Kawu, ba haka ka aiko min ba."

"Ni na ce zai zo neman abu, ya kuma zo," in ji shehin, ko kunya babu. "Ka tambaye shi kafin ka ce ya sha? Ka faɗa, maza sun shaida, ya sha. Yanzu so kake ya amayar? In ka janye, ba kai kaɗai ka janye ba, mu duka ne. Gobe wa zai sake zama ɗakin ɗan Matrud? Wa zai yarda da maganar danginmu a wurin sulhu ko neman aure?"

"Za ta kashe 'ya'yan mutane, kawu."

"Rai a hannun Allah yake. Maganarka ce a hannunka."

Da ɗan birni ne, da ya tuntsire da dariya ya nuna musu ƙofa. Ni kaina da na ce a kifar da butar, kowa ya tafi gidan ubansa. Amma Mizhir ya duba fuskokin danginsa ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya ɗago kai. Ya ajiye butar a hankali, ya durƙusa ya sa hannu. Ina jin haushin Kanar, ina jin haushin tsohon nan mai zobba, amma Allah ya sani har Mizhir ina jin haushinsa. Mutumin da barazana ba ta karya ba, kuɗi ba su saya ba, ya tsaya kofin gahawa ya yanka shi! Aka kawo ragon, suka ci suka side hannu, shi bai kai ko loma ba.

Washegari ya tsaya a ƙofar ma'ajiya yana tare duk wanda ya gani. "Kada ka harba ta! Ka rataya don ado, in tsiya ta zo ka jefi mutum da ita, amma kada ka ja kunama!" Kwana biyu ya yi yana wannan ihu. Rana ta uku takardar ritayarsa ta fito, aka ba shi agogon bango da hoton bariki. Aka raba bindigogin zuwa kowane caji ofis na lardin, har ƙauyukan da ko sunansu bai sani ba. Duk wanda ya tambaya wa ya duba, sai a nuna masa takarda.

Wata huɗu aka samu. Wata safiya ɓarayin tumaki suka ture shingen kan gada da mota. Kofur Akil ɗan Shnawa, mai shekara ashirin da uku, wanda aurensa bai cika shekara ba, ya zaro bindigarsa ya harbi taya. A harbi na uku ta tarwatse a hannunsa. Yatsu uku suka tafi, da idon dama.

Kafin sallar azahar an rubuta wa bangon Mizhir da jan fenti: "Ana bin gidan nan jini." Kwamitin bincike ya zo daga Bagadaza, na kai su suka ci gasasshen kifi a bakin kogi, suka duba takarda suka ga sa hannun mai duba lafiyar makami, suka rufe fayil. Kanar Luwai kuwa an riga an ƙara masa girma an mayar da shi wani lardi. Ɗan kwangila ya buɗe gidan sayar da motoci.

Dangin Akil ba su damu da fayil ba, suka kira zaman ƙabila. Aka kafa babban tanti, aka ɗauko wani tsoho mai yanke hukunci daga wata ƙabila daban. Shaikh Ajil ya ja Mizhir gefe ya karanta masa abin da zai faɗa: ya ce bai sani ba, ido ya tsufa, kuskure ne. Kuskure ana biyan diyyarsa a sha shayi, kowa ya koma gidansa. In ya ce ya sani, kora ce daga gari. Ni ma ana saura kwana biyu aka kira ni a waya, wata murya mai ladabi ta tambayi lafiyar yarana biyar, ta tuna min saura shekara biyu in fara cin fansho.

Ranar zaman tantin ya cika. Aka zaunar da Akil a gaba, hannu a naɗe, rabin fuska a rufe. Ubansa Shnawa, manomin shinkafa ne mai busasshen jiki, ya miƙe.

"Ni ban iya doguwar magana ba. Abu Kifah, tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sani, ko ba ka sani ba?"

Kafin ya amsa, Akil ya yi magana daga zaune, a hankali. "Baba Mizhir, ranar da aka ba ni na ji ba ta da nauyi. Na ce wa ya duba? Aka ce kai. Ko sake kallonta ban yi ba."

Shehin yana ta ƙifta wa Mizhir ido. Mizhir ya miƙe, ya cire mayafin kansa ya ajiye a ƙasa.

"Na sani, ɗana. Biyu na gwada, biyu suka fashe. Na sani, na sa hannu."

Tanti ya ɗauki hayaniya, matasan dangin Akil suka miƙe, aka zaunar da su da ƙyar. Sai ya faɗi komai: kwangila, hula, saƙon shehi, kofin da aka ajiye a ƙasa. Shaikh Ajil ya ce shi bai san wata takarda ba, sulhun hula kawai ya je, mazan dangi kuma suka sunkuyar da kai kamar ranar farko. Mai hukunci ya ɗaga sandarsa.

"In haka ne, jinin nan ba a kanka kaɗai yake ba, sai mu aika wa ƙabilar Kanar su zo su amsa nasu, kai kuma ka zauna gidanka. Amma ba a kiran ƙabila guda da bakin mutum ɗaya. Akwai wanda ya gani, wanda ba danginku ba?"

"Akwai," in ji Mizhir, har da ɗan murmushi. "Ga Abu Zaman can. Shi ya kawo shi."

Duk tantin ya juyo kaina. Na miƙe.

"Ni direba ne, Hajji. Na sauke shi a ƙofa na koma mota. Ban ga abin da aka yi a ciki ba."

Ƙarya nake yi. Ina cikin ɗakin, a bakin ƙofa, na ci ragon ma. Da Mizhir ya durƙusa zai sa hannu aka rasa abin rubutu, domin duk manyan nan babu mai biro a aljihun farar riga. Ni na zaro nawa na miƙa masa.

Mizhir bai ƙaryata ni ba. Ya juyo da lafiyayyen kunnensa wajena kamar bai ji da kyau ba, ya jira ko zan sake faɗa. Ban sake ba. Ya gyaɗa kai, ya zauna.

Aka yanke masa korar shekara bakwai, bishiyoyin dabinonsa suka koma hannun Akil. Ya tafi garin Zubair shi da matarsa, ya kama ɗaki ɗaya a bayan kasuwa yana gyaran risho da fitila. An ce ko bindigar wasan yara aka kawo masa ba ya taɓawa. Daga cikin ɗari huɗun nan, ɗari da 'yan kai kawai aka tattaro, sauran ban san ƙugun 'ya'yan wa suke ba, kuma babu wanda ya tambaya. Ni na samu fanshona cif, ba a rage min dinari ɗaya ba.

A shekara ta huɗu ya rasu. Na bi motar gawa har maƙabartar Najaf, na kutsa cikin mutane zan sa kafaɗa. Sai ɗansa Kifah ya riƙe min hannu, ya ce mahaifiyarsa ta ce a gaya min kowa ya ɗauka, ban da ni. Na koma baya na tsaya a rana, daga nesa, har aka gama rufe shi.